Ranar da Marsandin Alhaji Barau ta Sauko Tsauni

Ga ta nan, daga kan tsauni ta gangaro, ku tare ta da kunnuwanku. Amma ku gyara zama, don in na kai ƙarshe akwai shari'a, ku ne kuma alƙalanta.

A wani gari can a kan tsaunin Mambila, inda gajimare ke shiga gidajen mutane ba sallama, an yi wani dattijo ana ce masa Alhaji Barau, tsohon malamin dabbobi. Shekara talatin ya yi yana bin rugage da allura kafin ya ajiye aiki. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake, amma Allah ya zuba masa taurin kai, irin wanda in ka ce masa ga hanya sai ya tambaye ka wa ya aike ka. Abin da ya fi so a duniya bayan iyalinsa, wasu ma sun ce kafin iyalinsa, Allah ya yafe musu, shi ne wata tsohuwar Marsandi baƙa, doguwa, mai kujerun fata. Shekararta talatin da biyar a hannunsa. Kullum da hantsi shi yake goge ta da kansa, kuma tun ranar da ya saye ta ba hannun da ya taɓa riƙe sitiyarinta sai nasa.

Injinta lafiya lau, ko tari ba ya yi. Ƙafafunta ne suka tsufa. In ta shiga kwana sai ta kwanta gefe kamar kwalekwale, in ta faɗa rami sai ta yi ta sunkuyawa tana ɗagowa har ta wuce gida uku. Mutane suna kallo gabansu na faɗuwa, shi kuwa Alhaji cewa yake yi ƙasaita ce, babbar mota ai ba a sandare take tafiya ba, rangaji take yi.

To, mutum uku ne suka ɓata da shi a kan motar nan.

Na farko Ilu mai faci, wanda rumfarsa ke bakin tasha, kuma shi kaɗai ne mai faci a garin. Wata rana Alhaji ya dawo daga birni da tayoyi huɗu baƙaƙe wul, zanensu da zurfi, ko ƙasa ba su taɓa takawa ba. Ilu ya ɗaga mota, ya kwance tsofaffin, ya ɗora ta a kan duwatsu. Sai ya jawo sabuwa ɗaya ya tofa mata yawu a gefe, ya goge da babban yatsa. Akwai wasu lambobi huɗu da ake bugawa a jikin kowace taya, biyu na makon da aka yi ta, biyu na shekara. Ilu ya daɗe yana kallonsu.

Ya ce, “Alhaji, waɗannan shekararsu goma sha ɗaya a ajiye. Robar ta bushe. Da rani za su yi maka tafiya, amma ranar da ruwa ya jiƙa kwalta, sabulu ka ɗaura.”

Alhaji ya ce, “Kai da ko aji uku ba ka gama ba, kai za ka karanta mini taya? Ɗaura mini abina!”

Ilu ya ce, “Ka yi haƙuri Alhaji, hannuna ba zai ɗaura su ba. Tsofaffin ma ba zan mayar ba, waya ta leƙo.”

Haka Marsandi ta yi mako uku a kan duwatsu a bakin tasha, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta, 'yan tasha na dariya a ɓoye. Alhaji ya daina amsa gaisuwar Ilu. Ilu kuwa kullum sai ya gaishe shi, kullum kuma sai ya share ƙurar motar, amma noti ɗaya bai ɗaura ba. Da Alhaji ya gaji da tafiya masallaci a ƙasa, sai ya aika a ce wa mai facin nan ya yi abin da ya ga dama. Ilu ya rufe rumfa ya sauka birni da kansa, ya zaɓo tayoyin da aka yi a shekarar, masu laushin roba, masu zanen da ke watsar da ruwa gefe. Da ya zo sa musu iska bai bi al'adar masu faci ba, wato a yi ta bugawa har taya ta zama dutse sannan a ƙwanƙwasa da ƙarfe a ce ta yi. Geji ya sa ya auna kowace ɗaya daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙofar motar.

Na biyu Jatau bakanike, wanda garejinsa ke jikin rumfar Ilu. Mako ukun nan da motar ta yi ba taya, duk cikinta a buɗe yake, Jatau kuwa mutum ne da ba ya iya wuce ƙasan mota bai leƙa ba. Ya ga shokozoba huɗu, masu tare girgizar hanya, duk sun zubar da mansu, ya ga robobin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe sun tsattsage. Ranar da Alhaji ya zo ɗaukar mota, Jatau ya danna gefenta da hannu biyu ya saki. Ta yi sama ta yi ƙasa har sau huɗu kafin ta tsaya.

Ya ce, “Baba Alhaji, kai malamin dabbobi ne. In saniya ta yi ƙiba, gashinta na sheƙi, amma gwiwoyinta sun mutu, za ka rubuta cewa lafiyarta ƙalau?”

Wannan magana ta shigi Alhaji, ya yi tsaki ya bar masa makulli da sharaɗin kada ya tuƙa ta ko taku ɗaya. A garin nan, in robar ƙasan mota ta mutu, yanko ta ake yi daga tsohuwar tayar gingimari a cusa, in sifirin ya kwanta a samo na akori-kura a sa, mota ta yi tsayi ta yi tauri. Jatau ya ƙi. Wata biyu ya yi yana aike birni-birni har ya haɗa kayan da suka dace da ita. Ya canza shokozoba, ya canza kowace roba, ya sa mata sandar ƙarfe mai kauri wadda ke hana mota kwanciya a kwana. Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne, bai ɗaure notukan ba tana a ɗage. Sai da ya sauke ta ƙasa, ya aro buhun masara huɗu ya zaunar a kujerunta kamar fasinja, sannan ya kwanta a rami ya ɗaure, wai don robobin su zauna a yadda za su yi aiki. Babu injin saitin ƙafa a garin, da zare da ma'auni ya yi kwana biyu yana saita ta. Alhaji ya zagaya gari da ita sau ɗaya, ya dawo fuska a murtuke ya ce Jatau ya kashe mata ƙasaita, ya mai da ita motar yara.

Ta uku 'yarsa ce ta cikinsa, Lantana, mace mai shekara arba'in. Mijinta direba ne, shi ya koya mata tuƙi, da ya rasu ya bar mata akori-kura da 'ya'ya huɗu. Kowace Litinin sai ta loda ƙwai kiret-kiret har sama, ta gangara da shi tsauni zuwa kasuwannin ƙasa. Shekara goma sha biyu tana wannan, kuma masu sayen ƙwan sun shaida da wuya su sami fasasshe. Ta san kowane rami na hanyar nan, ta san wanda ya girma bana da wanda aka cike bara. Sau ɗaya tak ta roƙi ubanta ya bari ta ɗana Marsandi. Ya ce hannun da ya saba da akori-kura ba zai taɓa masa sitiyari ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta sake tayar da maganar ba.

Ana nan, damina ta kankama. Wata safiya Alhaji ya ga ɗakinsa na yoyo. Maimakon ya kira kafinta kamar kowane dattijo mai shekara saba'in, sai ya jingina tsani ya hau da guduma. Kwano a jiƙe, santsi ya ɗebe shi, ya faɗo da baya a kan turmi.

Malamin asibitin garin ya zo da gudu, ya hana kowa ɗaga shi. Ya shafa gadon bayansa a hankali, ya ce, “Baba, motsa yatsun ƙafarka.” Yatsu suka motsa. Malamin ya ja iyalin gefe, amma Alhaji na jin kome. Ƙashin baya ya tsage, tsagin kuma na dab da laka. In aka kai shi babban asibiti a ƙasa yau, ana iya ɗaure shi. In mota ta girgiza shi sau ɗaya mai ƙarfi, laka ta tsinke, ƙafafu sun tafi ke nan har abada, ƙila ma da rai. Ga shi motar asibitin garin ta yi wata shida a lalace, sauran motocin tasha kuwa ko mai lafiya suka ɗauka sai ya sauka da ciwon baya.

Ba wanda ya kira su ukun nan, labari ne ya kawo su. Jatau ya kwance kujerar fasinja ta gaba da majinginar baya, ya sa aka ciro ƙyauren ɗaki aka shimfiɗa tun daga gaban mota har bayanta. Aka ɗora Alhaji a kai, aka ɗaure shi da zannuwa daga goshi har idon sawu. Ilu ya durƙusa a gaban kowace taya da gejinsa, ya rage iska kaɗan daidai yadda za ta yi laushi ba tare da ta saki hanya ba. Sai aka zo maganar direba. Alhaji ba ya iya juya wuya, rufin motar kawai yake gani. Ya ce, “Makulli na aljihuna na dama. A ba Lantana.” Ta karɓa, ta zauna ta kama sitiyari.

Malamin asibiti ya zauna a baya yana riƙe da kansa. Suka yi bisimilla suka tashi.

Daga fita gari akwai wani wuri mai nisan mil bakwai inda kwalta ta ɓaɓɓake, sai duwatsu da kunya-kunya kamar gonar doya. Alhaji ya san wurin, ya rufe ido yana jiran zafin da zai raba shi da ƙafafunsa. Sai ya ji wani abin da bai taɓa ji ba a shekara talatin da biyar. Can ƙarƙashinsa yana jin tayoyi na hawa suna sauka, kowace na nata aikin, dum, dum, dum, amma ƙyauren da yake kwance a kai ko motsi. Ramin ya zo, motar ta haɗiye shi, ta tsaya cak ba ta ƙara sunkuyawa ba. Mutumin da ke zaune yana tuƙi ba ya sanin wannan, sai wanda ya kwanta da tsagaggen baya. Ya ce a ransa, ashe abin da Jatau ya yi wata biyu yana yi ke nan, ni kuwa na ce masa ya ɓata mini mota. Da suka hau kwalta malamin ya ce a motsa yatsu, suka motsa.

Suna isa bakin gangara ruwa ya kece. Wanda bai san gangarar nan ba, hanya ce da aka sassaƙa a jikin dutse, kwana bayan kwana, hagu bango, dama kwazazzabon da in ka jefa dutse ba ka jin faɗuwarsa. Ruwa ya rufe ramuka duka, hanya ta zama shimfiɗa ɗaya mai sheƙi. Lantana ba da ido take tuƙi ba a lokacin, da abin da ta haddace take yi. Sai ta kauce wa wurin da ba a ganin kome, ta bi ta inda kowa zai ce nan ne ramin. Ba ta taka birki sai a hankali, ba ta juya sitiyari sai kamar mai juya jariri. Alhaji na kallon gefen fuskarta ta ƙasan ido, ya ga leɓenta na motsi, tana ƙirga kwanonin hanya.

A kwana ta goma sha tara suka ji odar mota a bayansu, doguwa, ba ta yankewa. Lantana ta dubi madubi. Gingimari ce maƙare da katako, direban ya fito da hannu yana kaɗawa, yaransa na ihu. Birki ya tsinke masa. Babu wurin kaucewa, bango a hagu, rami a dama. In ta tsaya ya niƙe su, in ta ci gaba da lallaɓawa ya cim musu kafin kwana ta gaba.

Ta ce, “Baba, ka yi salati. Zan yi gudu.”

Ta taka totur. Tsohuwar Marsandi ta yi wani gurnani da ta daɗe ba ta yi ba, ta miƙa. Kwana ta farko ta taho, a jiƙe, da gudun da ko da rani Alhaji bai taɓa shigarta da rabinsa ba. Ya san motarsa, ya san nan za ta kwanta gefe, bayanta ya zame, su tafi. Ya yi kalmar shahada. Motar ta shiga kwanar a miƙe kamar an ɗora ta a kan layin dogo. Yana jin tayoyin na tsaga ruwa suna watsar da shi, shaaa, suna damƙe da kwalta ba su saki ba. Kwana ta biyu haka. Malamin asibiti ya rungume kan Alhaji yana ta Innalillahi. Odar gingimari ta cika motar har ba a jin ruwan. Bayan kwana ta uku akwai wani ɗan fili a jikin dutse, wanda ciyawa ta rufe bakinsa, inda Lantana kan tsaya duk Litinin ta duba igiyar kayanta. In ba wanda ya sani ba, ba mai cewa akwai shi. Ta saka motar ciki a karkace, ta bi birki sannu sannu har ta tsaya, hancinta saura taƙi ɗaya ya taɓa dutse.

Gingimari ta wuce su kamar tsawa, iskarta ta kaɗa ciyawa. Can ƙasa direban ya samu tudun jar ƙasa ya kifa kanta a ciki, shi da yaransa suka fito da ƙafafunsu.

Ruwa na ta dukan rufin Marsandi. Malamin ya ce, “Baba, yatsu.” Sai babban yatsan dama ya motsa, na hagu ya bi shi, sauran duka suka bi. Lantana ta kifa goshi a kan sitiyari ta fashe da kuka. Alhaji ma hawaye na gangara masa cikin kunnuwa, ba hannun sharewa. Ya ce, “Lantana, ki yafe mini.” Ta ce, “Ba ka yi mini kome ba, Baba,” ta share fuska da mayafi ta tayar da mota.

Kafin magariba suka shiga babban asibiti. Likitan ƙashi ya ɗaga hoton bayan Alhaji a gaban fitila, ya daɗe yana dubawa, ya tambaya da me aka kawo shi. Da aka ce masa da mota, daga kan tsauni, cikin ruwan nan, sai ya ajiye hoton ya fita waje don ya ga motar da idonsa. Ya ce tsakanin tsagin da laka bai kai kaurin ƙwayar gero ba.

Wata huɗu Alhaji ya yi a kwance. Ya koma garinsu yana takawa da ƙafafunsa, da sanda a hannu, mutane suka fito har bakin tasha suna kabbara. Amma likita ya yanke masa hukunci ɗaya: shi da tuƙi har abada. A ranar Juma'ar farko, a gaban jama'a, ya ce ba zai bar motar nan ta ruɓe a rumfa ba, ba kuma zai sayar da ita ba. Ya rantse da Allah zai ba da ita kyauta ga wanda ya cece masa ƙafafu. Sai da ya rantse ya gama sannan ya tuna su uku ne.

Gari ya rabu uku. Wasu suka ce Ilu ne, don shi ya fara tsayawa a gaban Alhaji lokacin da kowa ke tsoron bakinsa, ya jure mako uku na gaba, kuma da busassun tayoyin nan ne a ƙafarta, da tun kwana ta farko an gama zance. Wasu suka ce Jatau ne, don taya ba ta riƙe hanya in motar da ke kanta na tangaɗi, kuma da ba don aikinsa ba, da laka ta tsinke tun a mil bakwai na farko, ba a ma kai ga gangara ba. Wasu suka ce Lantana ce, don su biyun a gida suka zauna, ita ce ta sa ranta a ciki, ita ta san ramukan da ruwa ya rufe, ita ta san filin da ciyawa ta ɓoye. Sai masu ja da su suka ce ai ubanta ne, dole ce ta kai ta, su kuwa waɗancan ba abin da ya haɗa su da shi sai gaskiyar sana'a. Aka ce to, dolen ce ta koya mata hanya?

Su ukun ba wanda ya buɗe baki ya nema. Alhaji ya tara su a zaurensa, suna zaune a kan tabarma ɗaya, kowa kansa a ƙasa. Ya fito da makulli daga aljihu, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dubi 'yarsa. Mota ba ta rabuwa uku, rantsuwa kuma tana wuyansa.

To jama'a, ga Ilu, ga Jatau, ga Lantana, ga makulli ɗaya a hannun tsoho. Tsakaninku da Allah, a tafin wa ya kamata ya sa shi?